Wanda Ya Buɗe Katanga

Da alƙalin wasa ya hura usur ɗin tashi, Sharfaddeen bai bi sauran 'yan wasan zuwa bakin fili ba. Ya tsaya a gaban ragarsu, hannuwa a ƙugu, gumi na bin wuyansa a cikin zafin nan na watan Mayu mai manne wa mutum riga a jiki. An ci su biyu da ɗaya. Shekararsa uku yana karatun injiniya a Guangzhou, biyu daga ciki shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar ɗaliban ƙasashen waje ta jami'arsu, kuma wannan ne karon farko da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar jami'o'in birnin.

Ba a fi su iya wasa ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Su suka fara zura ƙwallo. Daga nan komai ya shiga kwancewa. Fasin da suke ba juna ido rufe a wajen atisaye ya koma ba ya isa. Hadi, ɗan Fagge da ke buga musu gaba, ya samu fenariti ya ɗaga ta har bayan shingen filin. Amma duk wannan da sauƙi. Ƙwallaye biyun da aka ci su duk firikik ne, duk mutum ɗaya ya buga su, kuma duk wuri ɗaya suka bi a katangar mutum huɗu da aka jera: ta inda Osmanu yake tsaye.

Osmanu ɗan zangon Kumasi ne, yana karanta harkar sufurin kaya. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ba shi da yawan magana, kuma shekara biyu ke nan shi da Sharfaddeen suke tsaron baya kafaɗa da kafaɗa. A ƙwallon farko, katangar ta tsage tsakaninsu su biyun, tsagewar da keke zai iya bi ta ciki. A ta biyun, Osmanu ya juya baya ya sunkuyar da kai, ƙwallo ta bi ta saman kafaɗarsa ta shige kusurwa. Wanda ya buga su kuwa, Fawaz, lamba goma na ɗaya jami'ar, shi ma ɗan zangon Kumasi ne.

A bakin ƙofar filin, suna jiran motar da za ta mayar da su makaranta, Hadi ya taɓa gwiwar hannun Sharfaddeen.

"Kyaftin, dubi can."

A tsallaken titi Osmanu da Fawaz suna tsaye kusa da wata farar mota. Fawaz ya dafa kafaɗarsa yana faɗa masa wani abu, Osmanu ya yi murmushi yana girgiza kai. Suka shiga motar tare.

"Garinsu ɗaya," in ji Sharfaddeen.

"Na sani," Hadi ya ce. "Ni dai na ga an ci mu, wani kuma yana murmushi."

Sharfaddeen ya so ya tuna masa fenaritin da ya zubar, amma ya fasa. Har suka isa makaranta murmushin nan bai bar idonsa ba.

Washegari aka saka bidiyon wasan a guruf ɗin ƙungiya. Daga gefen fili aka ɗauke shi, daga saman benci, ba a jin komai sai ihun 'yan kallo. Sharfaddeen ya zauna a ɗakin karatu da littafinsa a buɗe, ya yi ta mayar da wurin ƙwallon farko. Ga shi nan a ƙarshen katanga, ga Osmanu kusa da shi, ga sauran biyun. Sai ga Osmanu ya yi taku biyu ya bar shi, sauran suka bi shi. Usur. Ƙwallo a raga. Ya rage gudun bidiyon ya sake kallo. Taku biyu, ba tuntuɓe ba, ba turi ba. Ya wuce zuwa ta biyun. Fawaz bai ma taɓa ƙwallon ba Osmanu ya fara juyawa.

Ya tuna wasan bara da aka buga wa Osmanu ƙwallo a ciki har ya durƙusa, ya tashi ya ci gaba kamar ba a yi ba. Mutumin da ya yi wannan ne zai sunkuya?

Ranar Talata ba shi da lacca, don haka ya raka Hajiya Barira Titin Zhanxi. Hajiya 'yar kasuwa ce a Ƙofar Wambai, ƙawar mahaifiyarsa, sau uku take zuwa sarin takalma a shekara. Sharfaddeen yake mata tafinta a shaguna, Osmanu kuma, wanda shi Sharfaddeen ɗin ne ya haɗa su, yake duba mata kwalaye a sito kafin a loda su a kwantena. Suna hawa na uku na wani katafaren ginin takalma, Hajiya tana murɗa tafin wani silifas don ta ga ko gam ɗin zai saki, sai Sharfaddeen ya hango Osmanu da Fawaz suna fitowa daga wani shago a ƙarshen layi. Osmanu na rungume da kwali. Ba su gan shi ba, suka sauka ta matakala.

Ya ce wa Hajiya yana zuwa. Shagon na takalman wasanni ne. Ya gaishe da matar da ke ciki da Sinanci, ya tambaye ta irin takalmin da waɗancan biyun suka saya, ya ce shi ma yana so.

"Meiyou," in ji ta, tana kaɗa hannu. Babu. Ta ce ƙafa ɗaya tak aka kawo, takalmin ƙwallo ne, laoban, wato maigida, Abdul-Nasir ne ya sa a kawo wa dogon nan.

Sharfaddeen ya san sunan. Alhaji Abdul-Nasir kawun Fawaz ne, yana da sito a Huangpu inda ake tara kayan 'yan Gana da na wasu 'yan Najeriya, kuma shi ya ɗinka wa ƙungiyar su Fawaz jesin da suka saka a wasan.

"Yaushe ya ba da odar?" ya tambaya.

Matar ta ɗan yi tunani. Ta ce satin da ya wuce, Alhamis ko Juma'a.

Kwana ɗaya ko biyu kafin wasan ke nan.

Da ya dawo, Hajiya ta dube shi ta saman gilashinta. "Kai kuma lafiya? Fuskarka ta sauya."

"Ba komai, Hajiya."

"Sharfaddeen, na san ka tun kana rarrafe."

Ya ba ta labarin wasan, da katanga, da murmushi, da kwalin takalmi. Bai ce Osmanu ya sayar da su ba. Ya dai jera mata abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta ta haɗa da kanta. Hajiya ta ajiye silifas ɗin.

"Ni ban san ƙwallo ba," ta ce. "Amma wannan yaron shi nake bar wa kayana in koma Kano. In takalmi ɗaya zai sa ya kauce wa abokansa, ni da ba na nan fa?"

"Ban tabbatar ba, Hajiya."

"Ni ma ban tabbatar ba. Shi ya sa ba zan jira in tabbatar a kan kayana ba."

Bai hana ta ba.

Akwai sauran wasa ɗaya ranar Lahadi, na neman matsayi na uku. Kocinsu, wani malamin motsa jiki mai suna Liang, ya saba bar wa kyaftin zaɓen 'yan baya. Ranar Alhamis Sharfaddeen ya saka sunayen waɗanda za su fara a guruf. Babu Osmanu. Ba wanda ya tambayi dalili a fili, amma kafin la'asar mutum uku sun aiko masa saƙo a gefe, kowanne da abin da ya ce ya lura da shi. Wani ya ce ya ga Osmanu yana waya a bayan ɗakin canza kaya kafin wasa. Wani ya ce tun zagayen farko yake sanyi-sanyi. Hadi ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin yadda su Fawaz suka san cewa golansu ba ya son ƙwallon ƙasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, jama'a suka watsu a gefen titin da ke gangarawa Liuhua, inda masu gasa nama da masu burodi suke kafa teburansu. Sharfaddeen yana tsaye da tsire a hannu, shi da Hadi da Souleymane, golansu ɗan Maraɗi, sai ga Osmanu ya ratso mutane ya nufo su. Ya yi sallama, ya ba kowa hannu.

"Kaptin, ina son magana da kai."

"Ina jin ka."

Osmanu ya dubi sauran biyun. Ba wanda ya matsa.

"Na ga ba sunana. Wannan ba komai, kai ne kaptin. Amma jiya Hajiya Barira ta kira ni ta ce kar in ƙara taɓa kwalayenta, ta samu wani. Na ce me na yi? Ta ce in tambaye ka."

"Ni kuma sai in ce ka tambayi Fawaz," in ji Sharfaddeen.

"Fawaz? Me ya haɗa Fawaz da kayan Hajiya?"

"Yaya sabon takalmin? Ya yi maka daidai?"

Osmanu ya dubi Sharfaddeen, ya dubi Hadi wanda ya mayar da hankalinsa kan tsirensa. A hankali fuskarsa ta ɗaure.

"To," ya ce. "Yanzu na gane."

Ya juya ya bi ta cikin jama'a, kansa ya fi na kowa tsawo, har ya sha kwana.

"Ka ga bai musa ba," in ji Hadi.

Souleymane ya goge hannunsa da takarda. "Kapiten, ni dai ban ga abin da kuka gani ba. Ni balo kawai na gani cikin raga."

"Kai kana baya," Hadi ya ce.

"Awo, ina baya," in ji Souleymane.

Asabar da safe Sharfaddeen yana karyawa a kantin abincin Musulmi na makaranta, Surayya ta ajiye tirenta a gabansa ta zauna. 'Yar Zariya ce, tana aji biyar a karatun likita, kuma ita ce sakatariyar ƙungiyar ɗaliban Najeriya. Duk satin tana asibitin koyarwa, sai jiya ta samu ta karanta abin da ake ta yi a guruf.

"Sharfu, wai me kuka yi wa Osmanu?"

"Ba abin da muka yi masa. Kin kalli bidiyon?"

"Na kalla. Ni ma ina da nawa. Ranar nan rana ta dame ni a benci, sai na koma bayan ragarku, akwai inuwar bishiya. Ban saka ba ne don hannuna na rawa a ciki." Ta tura masa wayarta. "Ka ƙara sauti."

Hoton na karkata, ragar ta raba shi gida-gida, amma ana ganin komai. Ga bayan Souleymane, yana manne da turken raga. Ga katanga a gabansa. Mutum uku sun ba shi baya suna kallon ƙwallo, Osmanu ne na farkonsu. Sharfaddeen kaɗai ya juyo yana fuskantar gola, kamar yadda na ƙarshen katanga yake yi don ya karɓi umarni. Muryar Souleymane ta fito tar.

"Dama! Ku yi dama, taku biyu!"

Osmanu da sauran biyun suka yi taku biyu zuwa damarsu, wadda ita ce damar gola, tunda duk gaba ɗaya suke kallo. Sharfaddeen, da yake fuskantar gola, shi ma ya matsa zuwa tasa damar. Ya yi nesa da su. Kafin ya juyo an hura usur.

Ya mayar ya sake kallo. A bidiyon gefen fili, wani ɗan wasan su Fawaz ya tare rabin jikinsa, shi ya sa ba a ga nasa takun ba, sai na Osmanu. A nan kuwa ba abin da ya tare shi. Ya ga kansa sarai, lamba biyar a ƙirji, yana matsawa da ƙarfin gwiwar wanda ya tabbata daidai yake yi.

Shayin da ke gabansa ya huce bai sani ba.

"Ni na buɗe ta," ya ce.

"Haka na gani," in ji Surayya. "Sau nawa kuka gwada jera katanga a atisaye da Souleymane?"

Ya yi tunani. Souleymane ya karɓi gola ne a tsakiyar gasa, bayan na farkon ya kammala karatu ya koma gida. Wancan da hannu yake nuni, ba ya magana. Atisaye kuwa sau biyu ne a sati, kuma da ƙyar ake samun mutum goma, kowa yana can yana yi wa wani ɗan kasuwa tafinta ko rakiyar kaya. In an haɗu, a raba gida biyu a buga, a watse.

"Ko sau ɗaya," ya ce.

Ya ja bidiyon zuwa ƙwallo ta biyu. A nan ba wani sabon abu. Osmanu ya juya baya, ya sunkuya.

"Wannan fa?" ya tambaya.

"Wannan ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba. Ka tambaye shi?"

Surayya ta karɓi wayarta, ta tura masa bidiyon, ta ci gaba da cin abincinta.

Ya kira Osmanu sau biyu ba a ɗauka ba. Abokin ɗakinsa ya ce tun safe ya tafi Huangpu. Sharfaddeen ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya yi kusan awa ɗaya, ya fito ya hau bas da ke bi ta tsakanin manyan motoci da tarin kwantenoni masu launi-launi da aka ɗora kan juna kamar gidajen bene. Siton Alhaji Abdul-Nasir yana cikin wani layi mai warin gishirin teku da baƙin mai. An jingina wata kwantena da bakin ƙofa, leburori 'yan China suna ta shigar da kwalaye. Osmanu na tsaye a gefe da alƙalami mai kauri, yana rubuta sunan mai kaya a jikin kowane kwali kafin ya wuce.

Ya ga Sharfaddeen, ya amsa sallamarsa, bai daina rubutu ba.

"Ina so ka ga wani abu," in ji Sharfaddeen.

"Ina aiki, Kaptin."

"Minti ɗaya ne."

Osmanu ya yi wa leburorin alama su dakata. Ya karɓi wayar ya kalla sau ɗaya, ya mayar masa.

"Na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Ina wurin ai. Gola ya ce dama, na yi dama. Na duba gefena ba ka nan."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Na ɗauka kai ma ka sani. Na ce kaptin ya yi kuskure, kowa na yi, ba sai na tsaya gaban mutane na nuna shi da yatsa ba." Ya rufe alƙalamin. "Ashe ni ake nunawa."

Sharfaddeen ya rasa inda zai sa idonsa. Wata mota mai ɗaga kaya ta wuce su tana ƙara, suka matsa jikin bango.

"Ka yafe mini, Osmanu. Abin da na yi ba daidai ba ne. Har Hajiya ni na gaya wa."

"Na san kai ne."

Sharfaddeen ya san nan ya kamata ya tsaya. Amma tambayar ta ƙi barinsa.

"Ta biyun fa?"

Osmanu ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka zo neman yafiya, ka taho da tambaya a aljihu."

"Ina so in sani ne kawai."

Osmanu ya ɗaga leɓensa na sama da yatsa. Haƙoransa biyu na gaba sun ɗan fi sauran fari.

"Waɗannan na roba ne. Muna da shekara sha huɗu, a filin makarantar zango, na tsaya a katanga, Fawaz ya buga. Na farka a asibiti. Kowa a duniya ya buga mini ƙwallo zan tsaya, ka gani da idonka. Amma in na ga Fawaz ya ja baya taku huɗu ya karkata kafaɗa, jikina ba ya jin maganata. Ta farkon ma Allah ne ya sa ba ta kaina ta biyo ba. Na ji tsoro, shi ke nan. Wannan laifina ne. Da na gaya maka kafin wasa ka cire ni daga katanga, amma na ji kunya."

"Shi Fawaz ya san haka?"

"Ya sani mana. Shi ya sa ya nufi kaina. A bakin mota ma abin da yake tsokanata da shi ke nan."

"Takalmin kuma?"

Osmanu ya dube shi.

"Wata uku ina zuwa nan duk Asabar ina taya Alhaji, tun da ɗansa ya koma gida. Ya ga takalmina ya yage, ya ce zai sa a kawo mini. Na ce ya bari sai bayan wasa, don kar a yi magana." Ya buɗe alƙalamin. "Ga shi an yi."

Ya yi wa leburorin alama, kwalaye suka ci gaba da wucewa.

"Gobe akwai wasa," in ji Sharfaddeen. "Zan mayar da sunanka."

"Kar ka mayar."

"Osmanu."

"Na yafe maka, Kaptin, tsakani da Allah. Amma ba zan tsaya kusa da mutanen da in na yi tuntuɓe za su ce an saye ni ba. Ka gaida su."

A cikin bas, a hanyar komawa, Sharfaddeen ya saka bidiyon Surayya a guruf. Ya rubuta cewa ƙwallon farko shi ya buɗe katanga, Osmanu umarnin gola ya bi. Ya rubuta cewa ya zargi ɗan'uwansa ba tare da hujja ba, kuma ya je ya ba shi haƙuri. Maganar haƙora bai saka ba, don ba tasa ba ce.

Souleymane ne ya fara amsawa, ya ce Allah ya saka da alheri, shi ma daga yau da hannu zai riƙa nuni. Wasu biyu suka bi bayansa. Sai Hadi ya rubuta: "To ta biyun fa?" Can wani ya aiko wa Sharfaddeen saƙo a gefe yana tambaya ko gaskiya ne an gan shi yau a siton Alhaji Abdul-Nasir, kuma me ya kai shi. Ya karanta saƙon sau biyu, ya kife wayar a cinyarsa.

Ya kira Hajiya Barira ya yi mata bayani tun daga farko. Ta saurare shi har ya gama.

"Ka kyauta da ka faɗa," ta ce. "Amma na riga na damƙa wa wani, ba zan ƙwace ba. In na dawo bayan Babbar Salla ma gani. Kai kuma, Sharfaddeen, nan gaba in ba ka tabbatar da abu ba, kar ka kawo mini shi."

Ranar Lahadi Koci Liang ya sa suka zo awa ɗaya kafin wasa, ya yi ta jera su a gaban raga yana rushewa, har sai da kowa ya san inda zai sa ƙafarsa. Suka ci ɗaya da nema, aka ba su lambar tagulla da wata takarda mai jan hatimi. Ba a ma samu firikik ko ɗaya kusa da gidansu ba. Osmanu bai zo ba.

Bayan nan Sharfaddeen da Osmanu suna haɗuwa a hanyar aji ko a masallaci, su gaisa, kowa ya tambayi karatun ɗan'uwansa, su wuce. Sharfaddeen ya yarda da labarin haƙoran. Yawancin lokaci ya yarda. Wani lokaci kuma, yana tsakiyar zane a ɗakin karatu, sai ya tuna cewa bai taɓa lura da haƙoran nan ba a shekara biyu, sai ya tsawata wa kansa, ya koma kan zanensa.

Da aka dawo hutun bazara, Hadi ya sami Sharfaddeen a bakin fili yana ɗaura takalmi. Ya ce ya ji labari Osmanu yanzu yana buga wa ƙungiyar 'yan kasuwar Gana da ke wasa duk Lahadi, shi a baya, Fawaz a gaba, Alhaji Abdul-Nasir ne uban ƙungiya.

"Ka gani ko?" in ji Hadi.

"Me na gani?"

Hadi ya ɗaga kafaɗa.

"Mu muka kore shi," Sharfaddeen ya ce. "Ina kake so ya je?"

Sharfaddeen ya miƙe ya ƙirga waɗanda suka zo atisaye. Mutum tara ne, biyu daga ciki sababbin ɗalibai da ko sunansu bai riƙe ba tukuna. Ya kira dogon cikinsu, ya tambaye shi ko ya taɓa buga baya.